Amsa: Hawainiyata ta ƙi shan ruwa

Salam ɗan'uwa. Ka ce ka sa hawainiyar a kwali da ruwa a kwano amma ta ƙi sha, kana tambayar me za ka ba ta. Don Allah fara fitar da ita daga kwalin nan. Keji mai raga take so, dogo, iska na ratsawa, da rassa da ganyen da za ta riƙa hawa tana ɓuya, kuma ita kaɗai, in ka haɗa biyu faɗa za su yi ta yi.

Ruwa kuwa ba ta sha a kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa, sai ka samu kwalbar feshi ka jiƙa ganyen safe da yamma. In ka ga idonta ya faɗa ciki to galibi ƙishirwa ce.

Abincinta ƙwari masu rai, gyare, fara, kyankyaso, kada girmansu ya wuce tsakanin idanunta, ka barbaɗa musu garin kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi), kuma kar ka kamo inda aka fesa maganin ƙwari wallahi kashe ta zai yi. Sai hasken ranar safe ko fitilar UVB (fitila ta musamman mai ba da irin hasken rana) awa 12 kullum, ba ta bayan gilashi ba, in babu ƙashinta laushi yake yi har ƙafafu su lanƙwashe.