Ƙwannafi Mai Yawan Dawowa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni magidanci ne mai shekara 46 daga Gusau. Shekara biyu ke nan ina jin zafi a ƙirji, ruwa mai tsami kuma yana taso mini har maƙogwaro, musamman idan na kwanta bayan tuwon dare. Mai kemis ya ce olsa ce. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ƙwannafi. A wurinmu an saba kiran duk wani zafi da ke tsakanin cibiya da ƙirji da sunan olsa, shi ya sa wasu ke shafe shekaru suna maganin cutar da ba ita ke damunsu ba. Olsa, wato gyambon ciki, rauni ne a bangon tumbi ko farkon ƙaramin hanji, wanda galibi ƙwayar cutar H. pylori ko magungunan ciwon jiki ke haddasawa. Shi kuwa ƙwannafi matsalar ƙofa ce. A mahaɗar bututun abinci da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda take buɗewa abinci ya wuce sannan ta tsuke. Idan ta yi sako-sako, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya komo sama, ya riƙa ƙona bututun da ba shi da kariyar da tumbi yake da ita.

Mutumin da ya cika ciki ya kwanta nan take tamkar tulu ne da aka kishingiɗar babu murfi. Saboda haka ka bar aƙalla awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka rage yawan tuwon da man da ke cikin miya, sannan ka ɗaga ƙafafun gadonka na wajen kai da bulo ko katako kimanin santimita 15 zuwa 20. Tara matasan kai ba ya wadatarwa, domin yana lanƙwasa mutum ne ya ƙara matse cikin. Kwanciya ta ɓangaren hagu tana rage tasowar ruwan. Na san da yawanmu muna fara kwanciya ta dama saboda sunna, kuma babu abin da zai hana ka fara da hakan sannan ka juya. Idan kana da teɓa, rage ta zai fi yi maka amfani fiye da doguwar ƙauracewa abinci iri-iri.

Tambaya: Likita, ni uwa ce daga Maraɗi, ina da hawan jini. Idan ƙwannafi ya taso nakan jiƙa kanwa in sha, ko in sha madara, kuma yakan lafa. Akwai illa?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne kanwa tana kashe tsami na ɗan lokaci, amma ba na ba ki shawarar ci gaba da ita. Tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, wanda yake tayar da hawan jini, sannan haɗuwarta da ruwan tsami tana haifar da iska, ciki ya kumbura, gyatsa ta sake turo ruwan sama. Madara ma tana sanyaya ƙirji da farko, daga baya maiƙonta ya sa abin ya dawo. Wani abin lura shi ne, wasu magungunan hawan jini, irin su nifedipine da amlodipine, suna iya sassauta tsokar da na ambata. Kada ki daina su da kanki. Ki gaya wa likitan da ya rubuta miki, shi zai duba ko akwai buƙatar canji.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne daga Kano. Shekara uku ina shan omeprazole duk lokacin da na ji zafi, amma abin bai rabu da ni ba. Ina cin goro, ina shan shayi don hana barci, da diclofenac saboda ciwon baya. Yaya zan yi, musamman a azumi?

Amsa: Malam, kana shan maganin ne ba yadda ya kamata ba. Omeprazole ba ya kashe zafin da ya riga ya taso. Aikinsa rage ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, kuma ya fi tasiri idan an sha shi minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kullum ba fashi, na tsawon mako huɗu zuwa takwas, sannan likita ya duba ko za a rage ko a tsayar. Wanda ke kwantar da zafi nan take shi ne farin maganin nan mai kashe tsamin ciki (antacid), na ruwa ko na taunawa. Shan omeprazole shekara da shekaru ba tare da sa idon likita ba yana iya rage bitamin B12 da sinadarin magnesiyam a jiki. Idan kuma wani ya miƙo maka tsohon maganin ƙwannafin nan mai suna ranitidine, kada ka karɓa, domin a shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne diclofenac, wanda yake cin bangon tumbi har ya kai ga gyambo da zubar jini. Ka koma paracetamol kafin a duba bayan naka. Goro da shayi mai kauri suna tayar wa wasu ƙwannafi, don haka ka rage su na mako biyu ka ga ko za ka ji bambanci. Idan kana shan taba, barinta wajibi ne. A azumi, ka sha omeprazole ɗin rabin awa kafin sahur, kada ka koma barci da gama ci, kuma ka buɗe baki da dabino da ruwa, ka jinkirta ƙosai da soye-soye.

Tambaya: Mahaifina mai shekara 63 ya daɗe da ƙwannafi. Yanzu ya ce nama da tuwo suna tsaya masa a ƙirji, sai kunu yake iya sha, kuma ya rame. Wane magani zan saya masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki saya masa komai, ki kai shi babban asibiti cikin makon nan. Wahalar haɗiya tare da rama a wannan shekarun alama ce da ba a jinkiri da ita. Ruwan tsamin da ya daɗe yana ƙona bututun abinci yakan bar tabo ya ƙuntata hanyar, wanda ana iya buɗewa, amma ciwon daji ma yana farawa da irin wannan kama, kuma ba a bambance su sai an zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki an duba, an ɗebo ɗan nama don gwaji. Ana yin wannan binciken a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Idan kafin ranar ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko zafin ƙirjin ya zo da gumi da haki yana sauka hannun hagu, ku wuce da shi sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.