Shok ɗin gaban kekena ya sandare kuma yana ƙara: laifin sifirin ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin garin Katsina, kuma da keke nake zuwa jami'a ta hanyar Dutsin-Ma. Kwanakin baya na sayi keken hawan duwatsu na hannu, irin mai shok a gaba. Sunan kamfanin ya goge a jikin fok ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, amma ana iya karanta 100mm, kuma wanda ya sayar mini ya ce na sifirin ne, ba na iska ba. Tun da hunturu ya shigo shok ɗin ya sandare, sai na faɗa rami sosai yake motsi, hannuwana har ciwo suke yi. Akwai wani makunni a samansa mai alamar + da −, na murɗa shi hagu da dama, ban ga canji ba. Sannan idan na taka birkin gaba ko na ɗaga tayar ina jin ƙara, ƙwas. Mai gyaran unguwarmu ya ce a zuba baƙin mai, wani abokina kuma ya ce a yanke sifirin ɗin ya yi laushi. Nauyina kilo 58. Wanne zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun, musamman ta yanke sifirin, zan zo kanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne da ka ce tun shigowar hunturu abin ya fara. Sifirin ƙarfe ne, ƙura ba ta ƙara masa ƙarfi, sanyin Katsina ma bai kai ya taɓa shi ba. Idan da yana motsi yanzu ya daina, to ba shi ne ya canza ba, hanyar da yake bi ce ta bushe.

Ga yadda abin yake a ciki. Sandunan nan biyu masu ƙyalli da suka sauko daga kafaɗar fok suna zamewa ne cikin ƙafafun ƙasa, waɗanda suke riƙe da taya. A bakin kowace ƙafa akwai robar da ke share ƙura, a ƙasanta kuma akwai bushin, wato zoben da sandar ke gogawa a kai. Sifirin yana cikin sanda, galibi ta hagu, wasu fok ɗin kuma duka biyun. Kekunan da ke shigo mana na hannu yawancinsu fok ɗin kamfanin SR Suntour ne a jikinsu, samfurin XCT ko XCM, sai RST, jefi-jefi kuma RockShox. Masu arha daga cikinsu ba mai ne a ƙafafun ba, giris ne kawai aka shafa tun a masana'anta. Keken ya yi shekaru a Turai, ya yi zaman kwantena, ya zo ya tarar da ƙurarmu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ragowar giris ɗin da ƙura suka cakuɗe suka zama laka mai yashi, ita ce ta riƙe sandunan.

Kana iya gwadawa ba tare da ka kwance komai ba. Ka fara duba saman ƙafar dama, ko akwai ɗan makulli mai alamar kwaɗo. Sau da yawa akan kawo mini keke wai shok ya mutu, ashe yaro ne ya murɗa makullin. Idan a buɗe yake, ka mayar da makunnin nan gaba ɗaya wajen −, ka riƙe birkin gaba, ka danna kan keken a hankali da nauyin ƙirjinka. Lafiyayyen fok yana fara sauka ne sumul tun daga dannawar farko. Wanda ya bushe kuwa zai ƙi, ya ƙi, sannan ya faɗa lokaci guda, da ka saki kuma ya dawo yana tsinkewa ko ya tsaya a rabi. Idan haka naka yake yi, duk wani saiti ɓata lokaci ne sai an wanke shi.

Wankin ba wani abin tsoro ba ne, kowane mai gyaran keke mai haƙuri zai iya, in dai ka tsaya a kansa. A cire tayar gaba, a kwance birkin daga jikin ƙafa. Idan birkin na mai ne kada kowa ya matsa hannunsa alhali taya ba ta ciki. A ƙarƙashin kowace ƙafa akwai noti, a yawancin na Suntour sifana mai lamba 10 ce ke kama shi. A sassauta shi kada a cire duka, a ɗan buga shi da gudumar roba ko a ɗora katako a buga, don sandar ciki ta saki, sannan a cire notin a zare ƙafafun ƙasa. A goge cikinsu da tsumma mai tsabta har tsumman ya daina fitowa da baƙi. A shafa giris a cikin robobin baki da kan bushin, a mayar.

Wane giris? A nan ake yin kuskure. Kamfanonin suna amfani da wani giris mai laushi ƙwarai wanda ba ya cin roba, irin su Slickoleum da SRAM Butter. Samunsu a kasuwar Katsina da wuya, sai dai a yi odarsu ta intanet ko a yi sa'a a Kano. Idan babu, a nemi giris mafi laushi da aka samu a shafa kaɗan. Mai kaurin nan da ake cusa wa boris ɗin babbar mota yana sa fok ya yi nauyin motsi. Baƙin mai kuwa da ma datti ne, akwai garin ƙarfen inji a cikinsa, yana lalata roba, kuma idan ya gangaro ya taɓa faifan birki ka rasa birkin gaba. Haka ma kananzir da fetur, kada su kusanci robobin. Idan fok ɗin ya zama RockShox ne, za ka ga ɗan mai ya zubo lokacin zare ƙafafu. Irinsu ana mayar musu da man fok ne daidai adadin da littafin samfurin ya faɗa, kaɗan ne ƙwarai, ba cikawa ake yi ba.

Kamfanin RockShox ya ce a yi wa ƙafafun ƙasa irin wannan hidima duk bayan awa 50 na hawa. Kai da ke zuwa jami'a kullum, cikin wata biyu ka cinye wannan. Ban ce lallai ka bi shi sau da ƙafa ba, amma a ƙasarmu mafi ƙaranci a buɗe sau biyu a shekara: ƙarshen hunturu saboda ƙura, ƙarshen damina saboda ruwan da ke shiga ya kwanta a gindin ƙafa ya sa tsatsa. A tsakani, goge sandunan da busasshen tsumma duk lokacin da ka dawo. Kuma ka raba keken da injin feshin masu wankin mota, ƙarfinsa yana tura ruwa ya wuce roba.

To, sai makunnin da ya ƙi yi maka aiki. Bai lalace ba, abin da kake nema a wurinsa ne ba aikinsa ba. Shi dai yana matse sifirin ne kaɗan tun kafin ka hau. A ce naka yana buƙatar kilo 7 kafin ya matse da santimita 1. Idan ka murɗa makunnin ya matse shi santimita 1, to kilo 7 na farko da ka ɗora ba za su motsa fok ba, amma daga nan kowace santimita kilo 7 ɗin dai take ci, kamar da. Ma'ana makunnin yana canza tsayin da keken ke zama a kai ne idan ka hau, ba ya mayar da sifirin mai tauri ya zama mai laushi. Shi ya sa ka murɗa ba ka ji komai ba, balle ma ƙura ta riƙe komai.

Bayan an wanke, ga yadda za ka saita shi. Ka ɗaura siririyar robar ɗaure waya a jikin sanda ɗaya, ko zare ma ya isa, ka tura ta ƙasa ta zauna kan robar baki. Ka sa jakar da ka saba goyawa, ka hau a hankali kusa da bango ko wani ya riƙe maka, ka tsaya kan feda yadda kake yi idan za ka shiga gargada, ba tare da ka yi tsalle ba. Ka sauka a hankali ka auna tazarar da robar ta hau. A fok mai iya nutsewa milimita 100 kamar naka, abin da ake so shi ne milimita 15 zuwa 25. Wannan ɗan nutsewar ita ke ba taya damar miƙewa ta bi rami maimakon ta yi shawagi a kansa. Idan ta wuce 25, murɗa wajen +, ka sake aunawa. Idan ba ta kai 15 ba, wajen −. In akwai makunni a ƙafa biyu, a murɗa su daidai da juna.

Ina kyautata zaton kai ko ka sassauta shi duka ba za ka kai 15 ba. Kekunan nan suna fitowa ne da matsakaicin sifirin, wanda aka yi don mutum mai kilo 70 zuwa 80. RockShox ma launi suke sa wa nasu a samfura da dama: ruwan azurfa na wanda bai kai kilo 63 ba, rawaya daga 63 zuwa 72, ja daga 72 zuwa 81, shuɗi zuwa 90, baƙi na sama da haka. Suntour su ma suna sayar da mai laushi da matsakaici da mai tauri. Mai kilo 58 a kan matsakaici dole ya ji tauri. Maganin gaskiya shi ne sifirin mai laushi na wannan samfurin da wannan tsayin, don haka ka duba bayan kafaɗar fok ko bayan ƙafa, galibi akwai lambar samfuri a buge ko a manne. Lokacin canzawa a sassauta makunnin duka kafin a buɗe murfin sama, kuma a yi masa sannu, na roba ne, filaya tana cinye haƙoransa.

Shawarar abokinka kuwa akasin abin da yake nufi za ta haifar. Laushin sifirin yana zuwa ne daga yawan zagayen da ke raba matsewa a tsakaninsu. Ka rage zagaye, kowanne ya ɗauki kaso mafi yawa na aikin, sifirin ya ƙara tauri. Ga shi ya gajarta, zai riƙa yawo a cikin sanda yana ƙara, gaban keken kuma ya yi ƙasa.

Kafin ka kashe kuɗi ma, duba iskar taya. Masu faci sun saba da irin keken dā, sai su dura iska har taya ta zama dutse. Faffaɗar taya mai inci 2 a ƙarƙashin mai nauyinka ba ta buƙatar wuce awo 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci. Rabin ciwon hannun nan yana iya tafiya daga nan.

Ƙarar da kake ji ba guda ba ce, biyu ce ka haɗa. Wadda ke fitowa idan ka ɗaga taya, fok ne ke miƙewa da ƙarfi ya bugi ƙarshensa. Fok masu tsada suna da mai a ƙafar dama da ke rage saurin dawowa, da jan makunni a ƙasa, RockShox har hoton kunkuru da zomo suke sawa a kai. Idan naka yana da shi, ka murɗa wajen kunkuru kaɗan-kaɗan har ƙarar ta tafi, amma kada ka wuce gona da iri, fok ɗin zai kasa dawowa tsakanin rami da rami. Masu arha ba su da wannan, ɗan guntun roba ko ƙaramin sifirin ne kawai ke tare bugun. Matse makunnin sama da yawa yana ƙara tsananta shi, sassautawa yana rage shi, idan kuma robar ta ruɓe a canza ta lokacin wanki. Ɗan ƙwas kaɗan a irin wannan fok halinsa ne, ba haɗari ba ne.

Ta lokacin birki ita ce ba na so ka yi wasa da ita. Ka riƙe birkin gaba, ka sa yatsun ɗaya hannun a inda wuyan fok ya shiga jikin keke, ka tura gaba da baya. Idan ka ji motsi a yatsunka, boris ɗin wuya ne ya saki. A sassauta notunan gefe da ke ɗaure kan keke a wuyan fok, a ɗaure na sama da alanki har motsin ya ɓace amma kai yana juyawa sakayau, sannan a daidaita kan a ɗaure na gefe. Aikin minti biyar ne, amma barinsa yana faɗaɗa mazaunin boris a jikin keken. Idan ba can ba ne, mayar da yatsun bakin robar ƙafa. Motsi a nan bushin ne ya ci. Kaɗan ba komai, amma idan ido yana ganin ƙafar tana kaɗawa, sai an canza. Ka kuma tabbata tayar ta zauna daidai kuma maɗaurinta a ɗaure yake tamau, domin shi ma yana wannan ƙarar, kuma ya fi su duka haɗari.

Idan an buɗe aka tarar da tsatsa a sanduna, ɗigo-ɗigo kaɗan ana iya lallaɓa su da samfefa mafi laushi, lamba 1000 ko sama, don kada su yanka roba. Amma idan ƙyallin ya ɓare a inda bushin ke gogawa, ko sanda ta lanƙwashe, ko ka ga tsagewa a kafaɗa ko a inda taya ke shiga, fok ɗin ya gama aiki. Ba a miƙe shi, ba a kai shi wajen mai walda. Ƙafafun nan na alminiyon ne ko maganiziyam, walda ba ta mayar musu da ƙarfinsu, fok kuma idan ya karye fuska ce ke fara isa ƙasa.

In ta kai ga saye, ka tafi da tsohon a hannu. A gwada kaurin wuya, yawancin irin kekenka milimita 28.6 ne miƙaƙƙe, a gwada tsayinsa kada sabon ya gaza, a duba girman taya ko inci 26 ce ko 27.5 ko 29, da irin birki da irin maɗaurin taya. Kada ka ɗauko mai tafiyar 140 ka sa a gurbin 100 don ya fi kyan gani, zai ɗaga gaban keken ya ɗora wa wuyansa nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Tun da kuma hanyarka kusan duk kwalta ce, idan ba ka samu mai shok mai lafiya ba, fok mara shok wanda tsayinsa ya yi kusa da na tsohon zai yi maka, zai ma rage wa keken fiye da kilo guda.