Ku Tambaya Mu Amsa: Da gaske ma'aikata shida sun taɓa aiki da kwamfuta ɗaya lokaci guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mai gyaran waya ne a Computer Village da ke Ikeja amma a Agege nake kwana. Maigidana ya ce mana wai a shekarun 1980 ya yi aiki a wani ofis a Apapa inda kwamfuta ɗaya tak ce amma mutum shida ke aiki da ita lokaci guda, kowa da allonsa da kibod ɗinsa. Mu dai yara a shago mun ƙi yarda, ta yaya tsohuwar na'ura da ko hoto ba ta iya nunawa za ta yi wannan? Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. To ka koma shago ka ba maigidanka haƙuri, abin da ya faɗa abu ne da aka yi sosai a wancan zamani.

Abin da ke gaban kowane ma'aikaci ba kwamfuta ba ce, tamina ce, wato allo da kibod kawai, babu ƙwaƙwalwar da za ta yi lissafi a ciki, rubutu kore ko ruwan ɗorawa a kan baƙin allo shikenan. Daga bayanta kebul ke fita, irin wanda ake kira RS-232, ya bi gefen bango ya je ya shiga uwar na'urar da ke ajiye a lungu. Duk aikin can ake yinsa.

Sirrin kuwa shi ne ɗan Adam yana da nawa ƙwarai in aka gwada shi da na'ura. Kai ka duba mai shayi a Agege da safe, mutum takwas a benci, ya zuba wa wannan ruwan zafi, kafin ya gama kaɗawa ya fasa wa wancan ƙwai, ya yanka wa na uku burodi, ya dawo ya juya ƙwan, kowa yana ganin kamar shi kaɗai ake yi wa hidima alhali hannu biyu ne kacal. Haka firosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi a cikin na'urar, ke yi, tana ba aikin kowa ɗan guntun daƙiƙa ta wuce na gaba. Akawu ko ya kai gwani da wuya ya buga haruffa goma a daƙiƙa, shi kuwa kebul ɗin a gudun bit 9600 a daƙiƙa yana ɗaukar haruffa kusan 960 a daƙiƙa, ka ga ashe yawancin lokaci na'urar zaman jira take yi, to wannan lokacin jiran ne aka raba wa mutane. Mai rabon kuma ita ce manhajar gudanarwa.

Kamfanin Digital Research na Gary Kildall a Amurka, masu manhajar gudanarwa ta CP/M, su suka fitar da MP/M, irinta ta mutane da yawa, a 1979 don ƙananan na'urori masu firosesa 8080 ko Z80. Waɗannan fa kilobayit 64 kawai suke iya gani lokaci guda, ko hoto ɗaya na wayarka ya fi haka nauyi, sai aka yi dabarar yanka ƙwaƙwalwar ɗaki-ɗaki, in layin mutum ya zo a buɗe ɗakinsa a rufe na sauran. Wallahi ni wannan dabara har yau tana burge ni. Akwai kuma OS-9 ta kamfanin Microware don firosesa Motorola 6809, har a kan TRS-80 Color Computer ta gida ana sa ta. Abin da zai ba ka mamaki ma, Microsoft da kanta ta karɓi lasisin manhajar gudanarwa ta Unix daga AT&T ta sanar da nata nau'in mai suna Xenix a 1980, tun kafin IBM PC ta fito a 1981, daga baya kamfanin SCO ya ci gaba da sayar da ita ga masu ofisoshi.

Amma kar ka ɗauka komai lami lafiya ne. Ita 8088 da ke cikin IBM PC ta farko ba ta da katangar da za ta hana manhajar wani shiga gonar wani, in ɗaya ta haukace sai ta kwashe kowa. Ga kuma rigimar mutum biyu su buɗe asusun kwastoma ɗaya kowa ya rubuta nasa, na ƙarshe ya shafe na farko, shi ya sa MP/M II ta 1981 ta zo da kulle fayil, wanda ya riga shiga sai ya fito kafin wani ya taɓa. Sai da Intel ta fitar da 80386 a 1985 abin ya zauna da gindinsa, har aka samu irin su PC-MOS/386 a 1987 da ke barin mutane da yawa su yi aiki da manhajojin DOS, wato manhajar gudanarwa ta IBM PC, a na'ura guda. A nan Legas kuma kai ma ka san sauran, in aka ɗauke wuta kafin a tada janareta duk su shidan sun tsaya cak, abin da ba a adana ba ya tafi.

Abin da ya kashe kasuwar shi ne kwamfuta ta yi araha, kowa aka saya masa tasa aka haɗa su da juna da manhajar sadarwa irin su Novell NetWare, sannan Windows ta zo da hotuna da linzami waɗanda tamina mai rubutu zalla ba ta iya nunawa.

Tambaya: Malam ina da ɗan shagon buga takardu a Idi-Araba, zan iya yin irin wannan yanzu don in rage kuɗin sayen na'urori?

Amsa: Ƙwarai kuwa Hajiya za ki iya. Manhajar gudanarwa ta Linux, wadda ta fara a 1991, tun asali ta mutane da yawa ce, ana iya haɗa mata allo da kibod fiye da ɗaya, akwai kuma ƙananan akwatuna irin na NComputing da aka yi don haka. In aikin buga takardu ne da cike fom a intanet ya wadatar, amma in yaranki suna haɗa bidiyo to a'a, za su riƙa jiran juna. Ki dai sayi uwa mai ƙwaƙwalwa isasshiya, kuma UPS ɗinki, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ya zama a jikinta tun ranar farko.