Kafinta Ya Jera Mahaɗar Katakon Daɓe a Layi Ɗaya: Me Doka Ta Ce?

Malam, na karanta wasiƙarka daga Kano, inda ka ce ka sayi katakon daɓe na laminet (fallayen matsattsen garin katako masu rufin ado a sama), ka ɗauki kafinta ya shimfiɗa maka shi a falo, ka biya kafin alƙalami, sai ga shi ya jera kawunan fallayen a layi ɗaya tun daga ƙofa har bango, yanzu kuma mahaɗar ta fara buɗewa tana ƙara idan an taka. Shi yana cewa tsarin ado ne kawai, yana kuma neman cikon kuɗinsa.

A fahimtata, wannan aibi ne a cikin aikin. Kowane magini ya san ba a ɗora mahaɗar bulo a kan mahaɗar bulo, domin ginin zai tsage ta nan, kuma haka katakon daɓe yake. Fallayen laminet ba a kafa su da ƙusa, harɗe suke da juna ta bakin da aka yi musu, saboda haka ƙarfin daɓen ya dogara ne ga kowane falle ya riƙe mahaɗar maƙwabcinsa. Yawancin kamfanonin da ke yin sa suna sharɗanta a goce mahaɗar da akalla santimita 30 tsakanin layi da layi, a kuma bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango, domin katakon yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Ka nemo takardar umarnin da ke cikin kwalin, ita ce babbar hujjarka, musamman da yake saɓa mata yakan soke garantin kamfani.

Ta fuskar doka, yarjejeniyarku tana da ƙarfi ko da ta baki ce, kuma duk wanda ya karɓi aiki da sunan gwani ya ɗauki nauyin yin sa da ƙwarewar da aka sani a sana'ar. Sashe na 130 na dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ya ba ka damar neman ya gyara aibin, ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗin da ka biya daidai da girman gazawar. Idan kuma fallaye sun lalace wajen cirewa, ko yankan da ya yi ya sa dole a ƙaro wasu, kana iya haɗa kuɗinsu a cikin diyyar da za ka nema. Sai dai idan kai ne ka nace a jera su haka bayan ya yi maka gargaɗi, to ƙararka ta yi rauni ƙwarai.

Ina roƙonka kada ka ɗaga ko falle ɗaya tukuna. Ka ɗauki hotuna da ma'auni shimfiɗe a kan mahaɗar, ka adana rasit da saƙonnin WhatsApp, ka kira wani ƙwararren kafinta ya duba ya rubuta abin da gyaran zai ci. Daga nan ka rubuta wa kafintan da ya yi maka aikin takarda, ka ba shi wa'adi, misali kwana 14, ka kuma bayyana cewa ka riƙe cikon ne har a gyara. Abin da ka riƙe ya dace da kuɗin gyaran, kada ya wuce.

Idan ya ƙi, ka fara da shugabannin ƙungiyar kafintoci ko gidan sulhu na babbar kotun jiha, sannan hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya (FCCPC) ko kotun ƙananan ƙararraki, wadda ba dole sai da lauya ba. Kada ka kai shi ofishin 'yan sanda, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma yin haka na iya sa shi ya dawo yana ƙararka.