Ruwan madara ko beji, wanne zan shafa a falona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dai fenti nake son yi ma falona kafin bikin ƙanwata, na je Kasuwar Dole mai shago ya nuna mini kala biyu, ruwan madara da kuma beji, wallahi a takarda kamar abu ɗaya ne, maigida ya ce in zaɓa da kaina. Falon taga ɗaya gare shi tana kallon yamma. Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a bikin. Ba ɗaya ba ne fa. Ruwan madara fari ne da aka ɗan ɗiga ma ruwan ƙwai, shi kuma beji ruwan ƙasa ne a cikinsa, ya fi duhu kaɗan, a 'yar takarda ba ki gane wannan sai ya hau bango.

Tunda tagarki yamma take kallo, hasken la'asar zai ƙara ma ruwan madara rawaya sosai, in kuma ƙwan lantarkinki mai ja-ja ne irin 3000K (lambar da ke nuna kalar hasken ƙwan ke nan) to da dare sai ki rantse ba shi kika saya ba. Farin ƙwan lantarki irin 6500K kuma beji yake mayarwa kamar ruwan toka. Ni dai beji zan ce miki, saboda ƙurar garinmu. Kin san yadda hunturu yake daga Disamba zuwa Fabrairu, a share da safe kafin azahar ta dawo, to kalar ƙurar nan kusan kalar beji ce, ba ta nunawa. Ruwan madara kuwa wajen makunnin wuta da inda yara ke dafawa sati biyu ya isa ki ga shatin hannu, ni abin nan yana damuna ƙwarai, mutum ya kashe kuɗinsa kuma ya koma goge bango kullum.

Amma kar ki saya tukuna. Ki sa mai fenti ya shafa kowanne kamar faɗin tabarmar sallah, shafi biyu, ɗaya kusa da taga ɗaya a lungu, ki bari ya bushe don ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin kalarsa. Ki duba da safe da la'asar da dare, ki kara labulenki a jiki. In falon ya yi miki duhu da beji, to ki koma ruwan madara.

In kuma mai fentin farin fenti zai saya ya haɗa kalar da kansa, ya dama na falon duka lokaci guda a babban mazubi, in ya yi bokiti-bokiti bango ɗaya zai bambanta da ɗan'uwansa. Lita ɗaya tana shafe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, da haka za ku yi lissafin yawan da za a sayo.