Kawu, ga bayanin jar riga da Kirby Smart

Kawu barka da war haka. Kun tambaya wai me ya sa duk hoton da muka turo ranar Asabar yara suna cikin jar riga, kuma wane ne Kirby Smart ɗin nan da ba sa gajiya da ambatonsa. To jar rigar ta ƙungiyar ƙwallon jami'ar Georgia ce. Ƙwallon nan ta Amurka ce, ba irin ta Kano Pillars ba ce, da hannu ake rungumarta a ruga, ana karo kamar raguna, shi ya sa kuka gansu da hular kwano. Kuma nan jihar Georgia ta jami'a ta fi ta ƙwararru farin jini wallahi, filin jami'ar da ke garin Athens kaɗai yana cin mutum sama da dubu 90.

Shi Kirby kocin ƙungiyar jami'ar Georgia ne, kuma ɗan gida ne, a Bainbridge ya tashi babansa na koyar da ƙwallo a sakandare, ya buga wa jami'ar Georgia a matsayin ɗan baya daga 1995 zuwa 1998. Ya gwada sa'arsa a NFL, wato gasar ƙwararru, da ƙungiyar Indianapolis Colts a 1999, suka sallame shi tun kafin a fara kaka. Sai ya koma koyon aikin koci tun daga ƙasa, ƙaramar jami'ar Valdosta State, Florida State, har ya zama yaron babban koci Nick Saban, ya zauna ƙarƙashinsa a jami'ar Alabama daga 2007 zuwa 2015 yana riƙe da 'yan baya. Da Georgia ta kira shi ya dawo gida, a Janairun 2022 ya doke maigidan nasa 33 da 18 ya ɗauko kofin ƙasa, rabonsu da shi tun 1980 fa, shekarar da ta biyo ya sake ɗauka, jami'ar TCU da suka kara da ita ta sha 65 da 7.

Mu Hausawan nan gida ɗaya muke haɗuwa mu kalla, a gasa tsire mata su yi masa, in lokacin salla ya yi a tashi a yi ko da wasa ya ɗau zafi. Taron da Amurkawa ke yi a wurin ajiye motoci tun safe ana shan giya kam ba ma kai yaranmu.

Maganar barin yaro ya buga kuma kanmu a rabe yake, wasu iyayen sun hana sam saboda buguwar kai, kuma ban ga laifinsu ba don abin yana taɓa ƙwaƙwalwa da gaske. Wasu sun bari saboda in yaro ya iya jami'a ce za ta ɗauke masa kuɗin makaranta, wanda a Amurka bashi ne mai karya baya. Ni na bar nawa yana bugawa a sakandare amma da sharaɗi, ranar da makinsa ya sauka ranar zai ajiye hular, kuma nakan tuna masa Kirby ɗin da yake so sai da ya kammala digirinsa a harkar kuɗi, da NFL ta ƙi shi bai rasa madafa ba.

A gaida su Inna da yara.