Tsohuwar taswira a akwatin kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tarar da wata tsohuwar taswirar Damagaram ta zamanin Nasara a akwatin marigayi kakana, duk ta cika da layuka masu lanƙwasa. Me za ta nuna mini game da yadda garinmu ya soma girma?
Wani ɗalibi daga unguwar Zango

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kaka. Fara duba gindin takardar, can ake rubuta shekara da ma'auni. Da yawa daga irin waɗannan hukumar taswira ta Faransa, IGN, ta zana su a shekarun 1950 da 1960 daga hotunan jirgin sama, a ma'aunin 1:200,000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa.

Sai ka nemi ratar da ke tsakanin Birni da Zango, don asali gari biyu ne. Birni yana da fada da ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye shi da ita. Zangonku kuwa yana waje, ta arewa, masaukin ayarin raƙuma da fatake masu zirga-zirga tsakanin Agadas da Kano. Da Nasara suka ci garin a 1899, a wannan fili na tsakiya suka kafa ofisoshinsu. Duk inda ka ga tituna sun miƙe sambal, aikinsu ne. Lungunan Birni ba su san wannan tsari ba.

Layukan nan masu lanƙwasa tudu suke nunawa. In sun matsu da juna, dutse ne ko gangara. Amma ni, in an ba ni taswirar Damagaram, shuɗin nake fara bi, wato tabkuna da rijiyoyi. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ya yi masa ƙaranci, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birni Yamai a 1926, bayan Damagaram ta riƙe shi tun 1911. Bi shuɗin nan da ƙafarka, za ka tarar wani wurin gidaje ne yanzu. Tambayi masu gidan yadda suke kwana da damina.

Sunayen ƙauyuka kuma kada ka ɗauke su yadda suke. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo ne, shi ya sa Miriya ta koma Mirriah. Karanta wa dattijan unguwa su gyara maka.